Yadda ake zuba jari wata-wata a asusun haɗaka ba tare da dakon faɗuwar kasuwa ba, da lissafin harajin da ke biyo baya

Duk wanda ya taso kusa da 'yan hatsi ya san yadda ake cin riba a Dawanau. A kaka ake saye, lokacin da masara da gero suka cika kasuwa, a zuba a sito, a sa magani, a jira damina ta yi nisa rumbunan mutane su yi ƙasa, sannan a fitar. Dabarar tana aiki ne saboda hatsi yana da kalanda: an san watan girbi, an san watan da abinci ke yankewa. Duk da haka takan ci mutum. Waɗanda suka tara hatsi da tsada a kakar 2024 sun ga yadda farashi ya karye a hannunsu a 2025, da yawa ko uwar kuɗi ba su mayar ba.

To kasuwar hannayen jari ba ta da kaka, ba ta da bazara. Mutane da dama suna shigarta da tunanin ɗan hatsi, wai za su jira ta faɗi su saya, ta tashi su sayar. A baki abin da sauƙi. A aikace sai ka yi daidai sau biyu: ranar fita da ranar komawa. Kuma ranar da ya kamata ka saya ita ce ranar da gabanka ke faɗuwa, kowa na cewa ƙasa ta lalace.

Ga abin da ya faru a kasuwar hannayen jari ta Legas, wadda yanzu ake kira NGX. A watan Maris na 2008 babban ma'aunin kasuwar, mai nuna hawa da saukar farashin hannayen jari gaba ɗaya, ya haura maki 66,000. Lokacin kowa ɗan kasuwar hannun jari ne, bankuna na ta sayar da hannayensu bayan haɗewar da aka yi musu zamanin da Soludo ke gwamnan Babban Banki, har bashi suke bai wa mutum ya sayi hannun jari. Wani kawuna ya sayar da filinsa a 2007 ya zuba kuɗin kaf a banki ɗaya, saboda abokansa na ofis sun ce kuɗi na ninkawa cikin wata shida. Shekara guda bayan wancan Maris ɗin ma'aunin ya dawo wajen maki 20,000. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Takardar shaidar hannun jarin kawu tana nan cikin akwatin ƙarfe tare da takardun makarantar yara, ta yi ja saboda daɗewa. Filin kuwa yanzu gida mai bene ne a kansa.

Sai a ƙarshen Agustan 2023 ma'aunin ya sake taka inda ya tsaya a 2008. Shekara goma sha biyar ke nan, kuma dalar da ake saye wajen naira 118 a wancan lokacin ta riga ta haura 700. Wannan shi ne sakamakon zuba komai a rana ɗaya saboda kowa na zubawa.

Ɗaya gefen kuma shi ne 2020. Bayan kasuwa ta yi asara a 2018 da 2019, korona ta zo, farashin mai ya rushe, a farkon Afrilu ma'aunin ya sake komawa wajen 20,000. Masu wayo suka fice, suka ce sai ƙura ta lafa. Ƙurar ba ta lafa ba: aka yi kulle, aka yi zanga-zangar EndSARS a Oktoba, tattalin arziki ya shiga karaya. Amma ribar takardun bashin gwamnati na gajeren zango ta faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 100, manyan masu kuɗi suka rasa inda za su kai dukiyarsu sai hannun jari. A ranar 12 ga Nuwamba kasuwar ta yi tashin da sai da aka dakatar da ciniki na ɗan lokaci. Shekarar ta ƙare da ƙarin kashi 50 cikin 100. Wanda ya tsaya jiran labari mai daɗi, sai dai ya ji ana yi. Haka aka ƙara kusan kashi 46 a 2023, da kusan 38 a 2024.

Shi ya sa shawarata ga mai albashi ko ɗan kasuwar da ke da ɗan rara duk wata ita ce ya bar tunanin sito, ya ɗauki tsarin adashi. A adashi ba ka cewa wannan watan ba zan zuba ba sai na ga yanayi. Ranar zubi ta zo, ka zuba. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: ware kuɗin da ba za ka nema da wuri ba

Kafin komai ka tanadi abin da zai riƙe gida na wata uku zuwa shida idan albashi ya tsaya ko rashin lafiya ta zo. Wannan ba ya shiga hannun jari. Kuɗin makarantar yara na zangon gaba, kuɗin haya, kuɗin bikin da aka sa wa rana, duk ba sa shiga. Abin da ke shiga shi ne wanda ka san ba za ka waiwaye shi ba sai bayan shekara biyar ko fiye. Idan akwai bashi mai ruwa a kanka, musamman na manhajojin nan na waya, fara kashe shi tukuna, don babu asusun da zai ba ka abin da suke karɓa a hannunka.

Mataki na biyu: san abin da kake saye

Asusun haɗaka tukunya ce guda da mutane da yawa ke zuba kuɗi a ciki, wani kamfani mai lasisi ya juya kuɗin a madadinsu. Kai ba hannun jarin Dangote Cement ko MTN kake saye kai tsaye ba, wani yanki na tukunyar kake saye, wanda ake ƙirgawa da yunit. Idan abin da ke cikin tukunyar ya ƙara daraja, farashin yunit ya tashi. Idan ya ragu, ya sauka. Amfaninsa ga ƙaramin mai zuba jari shi ne naira dubu biyar ɗinsa tana bazuwa a kamfanoni da yawa, ba ta tattaru a banki ɗaya irin na kawu ba.

Kuma doka ta raba hannu a kan kuɗin. Akwai kamfanin da ke juyawa, akwai wani banki daban da kadarorin ke ajiye a hannunsa, akwai amintaccen wakili da ke sa ido a madadin masu zubi. Wannan rabon shi ne bambancin asusu na gaskiya da na ɗan damfara, wanda shi ne mai karɓa, shi ne mai ajiya, shi ne kuma mai ba da labarin riba.

Asusun iri-iri ne. Akwai na kasuwar kuɗi, wanda ke zuba jari a takardun bashi na gajeren zango; farashin yunit ɗinsa ba ya motsi, ribarsa kuɗin ruwa ce. Akwai na takardun bashi masu dogon zango. Akwai na hannun jari zalla, shi ne mai hawa da sauka sosai, shi ne kuma maganar dakon kasuwa ta fi shafa. Akwai mai gauraya biyun.

Ga wanda ba ya son ruwa ya taɓa dukiyarsa, akwai asusun da ke bin ƙa'idar shari'a. Lotus Capital ta buɗe nata na halal tun 2008, Stanbic IBTC tana da Imaan Fund, akwai wasu kuma. Irin waɗannan ba sa sayen hannun jarin bankunan ruwa, kamfanonin giya ko caca, kuma suna da kwamitin malamai masu duba abin da aka saya. A madadin takardun bashi masu ruwa sukan sayi sukuk, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a Satumban 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Abin da ake biyan mai sukuk kuɗin haya ne. Abu ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu: bankuna suna da nauyi a kasuwar Najeriya, don haka shekarar da hannayen bankuna suka yi tashin gwauron zabi, asusun halal na iya zama a baya. Wata shekarar kuma ya wuce gaba. Kada wannan ya sa ka yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan, shi ma dakon kasuwa ne ya sake riga.

Mataki na uku: bincika rajista, sannan ka karanta kuɗin hidima

Hukumar SEC, mai sa ido a kan kasuwar jari, ita ce ke yi wa kowane asusun haɗaka rajista, kuma tana wallafa jerin sunayensu da darajar kadarorinsu a shafinta na intanet. Ka shiga da kanka ka nemo sunan kamfanin da na asusun. Takardar rajistar kamfani ta CAC ba lasisin karɓar jarin mutane ba ce, ko da an sa mata firam an rataye a ofis. Wanda ya yi maka alkawarin riba tsayayya ta kashi ashirin ko talatin duk wata, ko ya ce ka kawo mutum biyu a ƙara maka, ka kama gabanka. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma a duka biyun akwai masu digiri a cikin waɗanda aka wanke.

Bayan rajista sai ka nemi takardar bayanin asusun, ka duba abu huɗu. Nawa ne kuɗin kula da asusu a shekara? Yawanci yana tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100, ana cire shi daga tukunya ko an ci riba ko ba a ci ba, kuma wasu na ƙara wani kaso idan riba ta wuce wani mizani. Kwana nawa ne mafi ƙarancin zama kafin ka cire ba tare da tara ba? Kwana nawa kuɗi ke ɗauka kafin ya shigo asusunka na banki idan ka nemi cirewa? Sannan me asusun ya yi a shekaru biyar da suka wuce, har da munanan shekarun, ba shekarar da suka zaɓa suka sa a talla ba?

Za ka ga farashi biyu a kowace rana: wanda ake sayar maka da yunit, da wanda ake saye a hannunka, na biyun ya ɗan yi ƙasa. Wannan ɗan bambancin ba ya damun mai zubin wata-wata. Mai shiga da fita ne ke biyan sa a kowane zagaye.

Mataki na huɗu: buɗe asusu

Wannan ba shi da wahala. Lambar BVN, lambar NIN, hoton fasfo, takardar wuta ko ta ruwa mai nuna adireshi, da lambar asusun banki mai sunanka. Yawancin kamfanonin suna da manhaja, wasu kuma ana samun asusunsu ta Cowrywise da makamantanta. Ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a duk takardun. Muhammad a nan, Mohammed a can, shi ne ke riƙe kuɗin mutane ranar cirewa. Wajen da aka ce a rubuta makusanci, ka rubuta, kuma ka gaya wa mutumin. Rubuta sunansa ba ya mayar da shi magaji, rabon gado na nan yadda yake, amma aƙalla iyali za su san akwai dukiya a wani wuri.

Mataki na biyar: tsayar da adadi da rana, ka cire hannunka

Nan ne zuciyar maganar. Ka zaɓi adadin da ba zai takura ka ba ko a watan azumi da sallah. Gara dubu goma da za ta ɗore a kan dubu hamsin da za ta tsaya a wata na uku. Ka sa ranar zubi kwana ɗaya ko biyu bayan shigowar albashi, ka ba banki ko manhajar umarnin cirewa da kanta. Idan ka bar shi sai ka tuna, ranar da ka tuna kuɗin ya riga ya tafi cefane.

Bari mu ga abin da ke faruwa da lissafi. A ce kana zuba naira 20,000 duk wata, farashin yunit kuma ya yi haka cikin wata biyar: 200, 160, 125, 160, 200. Watan farko ka sami yunit 100. Na biyu 125. Na uku, lokacin da kasuwa ta fi muni, 160. Na huɗu 125, na biyar 100. Jimilla yunit 610, ka kashe naira 100,000. A farashin 200 darajarsu naira 122,000. Kasuwa ta je ta dawo inda ta taso, ba ta ƙara ko kwabo ba, amma kai kana da ribar dubu 22, saboda kuɗi iri ɗaya ya sayo maka da yawa a lokacin arha, kaɗan a lokacin tsada. Ba ka yi hasashen komai ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba kullum tsarin ke yin nasara ba. Da farashin ya yi ta hawa ne, 200, 210, 225, 240, 250, wanda ya zuba dubu ɗari gaba ɗaya a watan farko zai tashi da naira 125,000, kai mai zubi kana da wajen 112,000. Idan mutum yana da kuɗi a dunƙule kuma kasuwa ta ci gaba da tashi, zubawa lokaci ɗaya ya fi. Amma mai albashi ba shi da dunƙulen, wata-wata kuɗinsa ke zuwa, don haka zaɓinsa biyu ne kawai: ya zuba yanzu, ko ya ajiye yana jira. Jiran kuma ba kyauta ba ne a ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Kuɗin da ke kwance a asusun banki yana dakon kasuwa ta faɗi, shi ne ke faɗuwa kullum.

Idan kuwa dunƙulen ya zo, kamar giratuti ko kuɗin gado, kuma ka san zuciyarka ba za ta ɗauki ganin ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu ba, ka raba shi gida shida zuwa goma sha biyu, ka riƙa shigar da shi wata-wata, ragowar yana zaune a asusu mai ƙarancin haɗari. Wataƙila ka rasa wani abu na riba, amma za ka yi barci.

A koma kan shekarun nan goma sha biyar. Wanda ya zuba komai a Maris 2008 ya sha jira. Wanda ya fara zubin wata-wata a wannan watan dai, mafi munin watan farawa, ya ci gaba bai tsaya ba, kusan duk sayayyarsa daga 2009 zuwa 2021 ya yi ta ne ma'aunin yana tsakanin 20,000 da 45,000. A Janairun 2024 ma'aunin ya haye 100,000. Rana ɗaya suka fara, kasuwa ɗaya.

Mataki na shida: abin da za ka yi ranar da kasuwa ta faɗi

Ba komai. Na san wannan ya fi kowane mataki wuya. Za ka buɗe manhaja ka ga jan rubutu, a majalisa wani zai ce ai shi tun makon jiya ya fita. Ba wanda ke ba da labarin ranar da ya fita kasuwa ta tashi ta bar shi. Ka rage leƙa manhajar, sau ɗaya a wata uku ya isa. Sau ɗaya a shekara ka zauna ka yi abu biyu: ka ƙara adadin zubi gwargwadon ƙarin da ka samu, don dubu ashirin ta bana ba ta bara ba ce, sannan ka duba ko lokacin buƙatar kuɗin ya matso. Idan saura shekara biyu ka fara gini ko ka biya kujerar Hajji, ka fara kwashe kuɗin kaɗan-kaɗan daga hannun jari zuwa sukuk ko wani asusu marar tangal-tangal. Wannan ba hasashen kasuwa ba ne, kalandarka ce kake bi.

Dalilan da suka isa a bar wani asusu su ne idan ya yi shekaru yana bayan takwarorinsa masu irin tsarinsa, ko ya ƙara kuɗin hidima, ko ya fara jan ƙafa wajen biyan masu cirewa.

Mataki na bakwai: haraji

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa lissafa harajinmu ba, abin da alat ya nuna shi ne albashi. Amma wanda ya fara tara dukiya dole ya san inda ya tsaya, balle yanzu da doka ta sauya. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, hukumar haraji ta tarayya, FIRS, kuma ta koma NRS. Harajin mutum ɗaya dai jiharsa ta zama yake biya wa, kamar KIRS ga mazaunin Kano, ba jihar haihuwa ba.

Ana lissafin ne hawa-hawa, a kan kuɗin shiga na shekara. Naira 800,000 na farko ba a cire komai. Miliyan 2.2 da ke biye, kashi 15 cikin 100. Miliyan 9 na gaba, kashi 18. Miliyan 13 na gaba, kashi 21. Miliyan 25 na gaba, kashi 23. Abin da ya haura miliyan 50, kashi 25. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ɗauka idan ya shiga hawan kashi 18, duk albashinsa za a cire wa kashi 18. A'a. Abin da ya faɗa cikin wannan hawan kaɗai ake cire wa hakan.

Kafin a hau lissafin ana fara zare wasu abubuwa: kuɗin fansho, wanda ma'aikaci ke ba da kashi 8 mai aiki ya ƙara 10, kuɗin asusun gidaje na NHF, inshorar lafiya, inshorar rai, da ruwan bashin gidan da mutum ke zaune a ciki. Tsohon rangwamen bai ɗaya da ake yi wa kowa an soke shi, an kawo rangwamen haya a madadinsa: kashi 20 cikin 100 na hayar da ka biya a shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Mai zaune a gidansa ko gidan gado ba shi da wannan.

Ɗauki malamin da ke karɓar naira 350,000 a wata, wato miliyan 4.2 a shekara, yana biyan hayar 600,000. Don sauƙin lissafi a ce fanshonsa kashi 8 ne na duka albashin, 336,000. Rangwamen haya 120,000. Abin da ya rage a yi wa haraji 3,744,000. Dubu 800 na farko, babu. Miliyan 2.2 a kashi 15 ya ba da 330,000. Ragowar 744,000 a kashi 18 ya ba da 133,920. Jimilla 463,920 a shekara, wato 38,660 a wata, wajen kashi 11 cikin 100 na albashinsa. Ka ɗauko takardar albashinka ka gwada naka. Idan ba ka taɓa kai wa ofishin albashi rasidin haya ba, to ba su da hanyar da za su sa maka rangwamen. Kuma a garuruwanmu da mai gida ke karɓar haya hannu da hannu a zaure, sai ka nemi a rubuta maka rasidi, ko ka biya ta banki.

Ma'aikaci ana cire masa tun daga tushe, tsarin da ake kira PAYE. Ɗan kasuwa da mai sana'ar kansa su ne ke kai bayanin abin da suka samu, wa'adin kuma 31 ga Maris ne na kowace shekara, a kan shekarar da ta gabata. Mai albashin da ke da wata hanyar samu a gefe, shi ma wannan wa'adin ya hau kansa. Lambar NIN ita ce yanzu ke zama lambar haraji ta mutum.

Sai abin da ya shafi jari. Ribar da kamfani ke raba wa masu hannun jari ana cire mata kashi 10 cikin 100 kafin ta iso, kuma ga mutum ɗaya shi ke nan an gama, ba a sake bin sa. Ribar takardun bashin Gwamnatin Tarayya masu dogon zango ba a cire mata haraji. Ta gajeren zango kuwa yanzu ana cire mata kashi 10. Ka nemi kamfanin da ke kula da asusunka ya ba ka bayanin shekara, wanda ke nuna abin da ka zuba, abin da aka raba maka da abin da aka cire, ka adana shi tare da takardun albashi.

Sannan akwai harajin ribar sayarwa, wato bambancin farashin da ka saya da wanda ka sayar. A da kashi 10 ne tsayayye. A sabuwar doka, ga mutum ɗaya, ana haɗa ribar da sauran kuɗin shigarsa a bi hawa-hawan nan. Amma an yafe wa wanda abin da ya sayar na hannun jarin kamfanonin Najeriya bai kai naira miliyan 150 ba cikin wata goma sha biyu, ribar kuma ba ta wuce miliyan 10 ba, haka nan wanda ya mayar da kuɗin ya sake sayen hannun jari a cikin gida. Mai zubin dubu ashirin a wata yana da nisa da wannan iyakar. Duk da haka a Nuwambar 2025 jita-jitar wannan harajin ta sa kasuwa ta zube da kusan kashi 5 cikin 100 a rana ɗaya, kuma cikin masu rige-rigen sayarwa har da waɗanda dokar ba ta ko kallon inda suke. Harajin ribar sayarwa ba ya tashi sai an sayar. Wanda ya riƙe, ba abin da ya hau kansa a wannan ɓangaren.

Dalilin adana takardu ke nan. Ranar da za ka sayar bayan shekara goma, abin da za a tambaye ka shi ne nawa ka saya. Mai zubin wata-wata ya saya sau 120 a farashi 120 daban-daban. Ka buɗe fayil guda, na takarda ko a waya, duk Janairu ka sauke bayanin shekarar da ta wuce ka jefa a ciki. Manhaja na iya sauyawa, kamfani na iya haɗewa da wani, wayarka na iya faɗawa ruwa.

Fayil ɗin nan zai yi maka wani aikin kuma. Haraji ba ya ɗauke zakka. Idan dukiyarka ta kai nisabi, wanda ake auna shi da kimanin giram 85 na zinare, kuma shekara ta zagayo, ana fitar da kashi 2.5 cikin 100. Malamai sun yi bayani daban-daban a kan hannun jarin da aka saya don a riƙe da wanda aka saya don a juya, don haka ka ɗauki bayanin asusun, mai nuna adadin yunit ɗinka da farashinsa na ranar da shekararka ta cika, ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ya lissafa maka.